Muhammadu Rumfa Da Iyalinsa: Labarin Da Ya Taɓo Rano, Ya Ƙare A Burumburum

Duk wanda ya taso daga Riruwai zai je Kano ya san hanyar. Mota za ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, ta hau babban titi a Kwanar Ɗangora, ta bi ta Kura, sannan a shiga birni. Mu da muka yi sakandare a wannan yanki mun sha bin ta, kuma a zatonmu tarihi yana can ƙarshen hanya ne, a cikin ganuwa. Mu dai namu noman masara ne da labarin haƙar kuza. In malami ya ce mu lissafo sarakunan Kano, mu haddace, mu rubuta a jarrabawa, mu manta.

Sai da muka shiga jami'a aka sa mu karanta kundin Tarihin Kano da kanmu, shafi bayan shafi. A nan ne muka ga abin da ya ba mu mamaki. Sarkin da ya fi kowa suna a tsofaffin sarakunan Kano, Muhammadu Rumfa, ana danganta mahaifiyarsa da Rano. Sarki na ƙarshe daga zuriyarsa kuwa a Burumburum ya gamu da ajalinsa, cikin ƙaramar hukumar Tudun Wada ta yau. Ashe labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu har sau biyu. Wannan ya sa muka ga ya dace mu kawo muku shi, ƙannenmu, daga kaka har jikoki.

Ina aka samo labarin?

Tarihin Kano kundi ne da aka tattara da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, daga abin da maroƙa da masu riƙe da tarihin fada da malamai suka adana. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a 1908. Akwai kuma fassarar Hausa a cikin littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Kundin yana bin sarakuna ɗaya bayan ɗaya tun daga Bagauda, wanda aka sa wa madatsar ruwan nan ta ƙasar Bebeji sunansa. Yakan faɗi sunan sarki, da na mahaifiyarsa, da abin da ya faru a zamaninsa, da yawan shekarun da ya yi. Shekarun Miladiyya da kuke gani a littattafanku kuwa lissafi ne da aka yi daga baya. Shi ya sa za ku ga kundin ya ce Rumfa ya yi shekara 37, alhali daga 1463 zuwa 1499 shekara 36 ne. Ba kuskure ba ne. Shekarar Hijira ta fi ta Miladiyya gajarta da kusan kwana 11, saboda haka a cikin shekara talatin da 'yan kai sai a sami rarar shekara guda.

Gidan da aka haife shi

Rumfa shi ne sarki na 20 a jerin. Mahaifinsa Sarki Yakubu ne, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463. Kakansa kuwa Abdullahi Burja, daga 1438 zuwa 1452. Kundin ya ce Burja ne ya buɗe hanyoyin fatauci daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro da ke arewacin Ghana ta yau, kuma shi ne ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa. A zamanin Yakubu aka ga Fulani sun zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, gishirin Azbin ya yawaita, fatake suka riƙa shigowa ta ko'ina. Wato Rumfa ya buɗe ido ne a garin da ya riga ya fara cika da baƙi da dukiya da karatu.

Amma gidan bai zauna lafiya ba. Da Burja ya rasu aka naɗa ɗansa Dakauta, wanda bebe ne, bisa fatan cewa in ya hau sarauta bakinsa zai buɗe. Ya kwana ɗaya bai yi magana ba, aka sauke shi. Aka naɗa ɗansa Atuma, shi ma kwana bakwai kawai ya yi aka tuɓe shi, saboda tsoron rigima da Galadima Dauda. Daga nan ne Yakubu ya hau. Sarki uku ke nan a shekara guda.

Wane ne wannan Galadima da ake sauke sarki don tsoronsa? Shi ne jarumin da ya yi wa Burja yaƙi. Kundin ya ce ya shekara bakwai a kudu yana kai hari, yana aiko da bayi dubu-dubu zuwa Kano, kuma a hanyarsa ta komawa gida ya kafa garuruwa 21, kowanne ya zuba masa bayi dubu, rabi maza rabi mata. Mu tsaya nan kaɗan. Kudu shi ne ɓangarenmu, da duwatsun da ke bayanmu. Mutanen da aka kamo ɗin nan suna da gonaki da iyaye da sunaye, amma a kundin lamba ce kawai. Duk wanda zai yi alfahari da girman Kano ta wancan zamani, ya kamata ya tuna da waɗanda aka gina ta da guminsu.

Yaron da ya tashi yana jin an sauke baffansa a kwana ɗaya, an sauke ɗan baffansa a kwana bakwai, ya san cewa rawani kaɗai ba ya riƙe sarauta. Idan kuka riƙe wannan a zuciya, za ku fi gane abubuwan da Rumfa ya yi da ya hau.

Uwa daga Rano

Kundin ya kira mahaifiyar Rumfa da Fatsima Barana, kuma masana da dama suna ɗaukar laƙabin a matsayin mutuniyar Rano. Rano ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Tana cikin Hausa Bakwai tare da Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Biram, kuma a rabon ayyukan da ake ba da labari, ita da Kano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Tun zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, Kano ta fi ƙarfin Rano, har Yaji ya kori sarkinta daga Zamnagaba. Kusan shekara ɗari bayan haka sai ga ɗan wata mace daga can a kan karagar Kano.

Auren gidan sarauta a wancan zamani ba maganar soyayya kaɗai ba ce. Da shi ake ƙulla zumunci, da shi ake kashe wutar gaba, da shi kuma babbar ƙasa kan haɗiye ƙarama. Haka abin yake har a Turai. A 1491, lokacin Rumfa yana kan mulki, aka ɗaura auren Anne, mai mulkin wani yanki da ake kira Biretani a yammacin Faransa, da Sarkin Faransa Charles na 8. Kada ku rikita wannan yanki da Birtaniya. Wannan aure shi ya share hanyar da yankin ya narke cikin Faransa a 1532.

Shekara 37 a kan karaga

Ana cewa kafin ya zama sarki, Rumfa ya riƙe sarautar Makama, kuma gidan da ya zauna shi ne Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne a birnin Kano. Da ya hau a 1463, sai ya shiga sauya fasalin gari da na mulki. Kundin ya jera masa sababbin abubuwa goma sha biyu.

Na farko shi ne sabuwar fada. Ya bar tsohon mazaunin sarakuna ya gina Gidan Rumfa, wanda har yau shi ne fadar Kano bayan shekara fiye da 500. Ya faɗaɗa ganuwa ta wajen Ƙofar Mata, da kuma daga Ƙofar Na'isa zuwa Kansakali, don sababbin unguwanni su shiga ciki. Ya kafa Kasuwar Kurmi, wadda ta zama mahaɗar fataken Sahara da na kurmi. Mu 'yan Riruwai muna da ƙafa a irin wannan ciniki, domin tun kafin zuwan Turawa kakanninmu suna narka kuza su fitar da dalma sirara kamar tsinke, fatake suna ɗauka suna kaiwa kasuwanni.

A fannin mulki ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano, manyan masu sarauta tara da ke ba sarki shawara. A cikinsu akan ambaci Galadima da Madaki da Wambai da Makama da Sarkin Bai. Ya kuma fara ba babanni muƙamai a fada. Dabarar a fili take: baba ba shi da 'ya'yan da zai so ya gadar wa mulki, ba shi da dangin da zai tara su yi tawaye, saboda haka ƙarfinsa duka daga sarki yake. Galadima ɗaya ya taɓa fin ƙarfin gidan sarki. Yanzu an raba ƙarfin gida tara, an kuma sa bayin sarki a tsakiya.

Sai kayan alfarma. Kakaki da figini da takalman gashin jimina da dawakin zage, duk kundin ya ce daga gare shi suka fara. A zamaninsa ne kuma aka fara sallar Idi a Shadakoko. In kun taɓa kallon hawan sallah kuka ji kakaki ya tashi, kuka ga ana yi wa sarki fifita da figini, to kun ga abin da ya faro tun ƙarni na 15.

Ba komai ne ya yi nasara a kai ba. Ya yi shekara 11 yana yaƙi da Katsina, ba wanda ya ci wani.

Baƙo daga Tilimsan

Wajen shekarar 1492 wani babban malami ya sauka Kano, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan da ke ƙasar Aljeriya ta yau. A wannan shekarar ce daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wato Garnaɗa, ta faɗi, kuma a cikinta ne Kolumbus ya tsallaka teku ya isa nahiyar Amurka. Shekara guda bayan haka Askiya Muhammadu ya karɓi mulkin Songhai. Kano ba a lungu take ba, da wannan duniyar take hulɗa.

Rumfa ya karɓi malamin da girmamawa. Bisa shawararsa aka sare itaciyar da ake yi wa tsafi, aka gina masallacin Juma'a da hasumiya. Ya kuma rubuta wa sarkin wani ɗan littafi mai babi takwas a kan abin da ya wajaba ga masu mulki, mai suna Tajuddini. A ciki ya yi bayanin yadda sarki zai tsara fadarsa, da yadda zai binciki ma'aikatansa, da yadda zai yi shari'a, da hanyoyin halal na tara dukiyar hukuma da na kashe ta. Gargaɗin da ya fi maimaitawa shi ne kada mai mulki ya ɓuya wa talakawansa. Da zai tafi ya bar Sidi Fari a madadinsa, kuma unguwar Sharifai da ke cikin birni tana danganta asalinta da su. Daga Kano da Katsina ya wuce Gao wurin Askiya.

Abin da ba a cika faɗa ba

A cikin abubuwa goma sha biyun nan akwai waɗanda ba su da daɗin ji. Kundin ya ce Rumfa ne ya fara kame, kuma ya naɗa wani bafade yana zagaya gidajen bayin sarki yana ɗauko masa 'yan mata. Ya ce shi ne sarki na farko da ya tara mata dubu, shi ne kuma ya fara kulle. Dubu a bakin masu ba da tarihin da, sau da yawa tana nufin yawan da ya wuce ƙirge. Ko da an rage adadin, abin da ya faru ga waɗannan 'yan mata da iyayensu bai ragu ba.

Abin lura shi ne, wanda ya rubuta kundin yana yabon Rumfa ƙwarai, amma bai ɓoye wannan ba. Mu ma bai kamata mu ɓoye ba. Mutum ɗaya ne ya gina kasuwa da masallaci, shi ne kuma ya yi kame. Ɗalibin tarihi na gaskiya yakan riƙe duka biyun.

Madaki Auwa

Daga cikin wannan gida na kulle ne aka sami macen da ta fi maza da yawa ƙarfi a siyasar Kano. Sunanta Auwa, wato Hauwa, kuma ana kiranta Madaki Auwa. Ita ce ta haifi Abdullahi, wanda ya gaji Rumfa a 1499.

Abdullahi mayaƙi ne. Abin da ya gagari ubansa shi ya yi: ya fi ƙarfin Katsinawa, ya yi sansani wata huɗu a kusa da Tsagero, daga nan ya juya kan Zazzau. Amma yana can bakin daga, gida na neman kamawa da wuta. Tun zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, wani ɗan sarautar Barno ya zo Kano da jama'arsa aka sauke shi a Ɗorayi, ana kiransa Dagaci, kalmar da muke kiran shugaban ƙauye da ita yau. Gidan nan ya yi ƙarfi ya yi dukiya. Da mai riƙe da sarautar a lokacin ya ga sarki ba ya gari, sai ya shirya tawaye. Kundin ya ce Madaki Auwa ce kaɗai ta hana abin ya ɓaci, saboda yadda ake jin maganarta a Kano.

Rigimar ba ta tsaya nan ba. Sarkin Barno ya taso da runduna ya yi sansani a Gunduwawa. Abdullahi ya auna ƙarfinsa, ya ga ba zai iya ba, sai ya fita tare da malamansa ya ƙasƙantar da kai. Sarkin Barno ya koma gida ba a zubar da jini ba. Da ƙura ta lafa, Abdullahi ya lallaɓi Dagaci, ya tuɓe shi, ya ba bawansa sarautar. Wani zai ce tsoro ne, wani zai ce hikima ce. Abin da ya tabbata shi ne Kano ta kwana lafiya.

A kan asalin Auwa akwai wani zance da za ku iya ji, cewa 'yar Askiya ce ta Songhai. Tushen zancen shi ne wani matafiyi, Hassan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. Ya rubuta cewa Askiya ya yi wa Kano ƙawanya, ya tilasta wa sarkinta auren 'yarsa da biyan kashi ɗaya cikin uku na haraji. Kundin Tarihin Kano kuwa bai ambaci wannan yaƙi ba, kuma ya nuna Auwa tana da ɗan'uwa mai ƙarfi a cikin birnin Kano. Don haka masana suka rabu a kai. In kuka tarar da hujjoji biyu sun saɓa irin haka, ku tambayi kanku: wa ya rubuta, yaushe, kuma ganau ne ko jiyau?

Jikan da ya daɗe, da bangon da ya tsage

Abdullahi ya yi shekara goma. A 1509 ɗansa Muhammadu Kisoki ya hau, ya kuma daɗe fiye da ubansa da kakansa in an haɗa: shekara 58 a lissafin kundin, zuwa 1565. Abin da ubansa ya durƙusa a kai shi ya miƙe. Ya kai hari Birnin Nguru, kuma da Sarkin Barno ya zo ramuwa bai iya cin Kano ba, ya koma. Malamai suka riƙa zuwa da littattafai. A zamaninsa ne Shehu Tunusi ya kawo Ashafa, littafin da har yau ake karantawa a watan azumi, wani malamin kuma, Shehu Abdussalami, ya kawo Mudawwana.

Kundin ya ce Kisoki ya yi mulki ne tare da mahaifiyarsa Iya Lamis, da kakarsa Madaki Auwa, da Guli ɗan'uwan Auwa. Ku duba wannan mata: matar sarki, uwar sarki, kakar sarki, kuma a duk zamani ukun tana nan a tsakiyar gida.

Sai dai ƙarfin da dangin uwa suka tara ya zama matsala da babban bango ya faɗi. Da Kisoki ya rasu aka naɗa ɗansa Yakufu. Wata huɗu da 'yan kwanaki ya yi, Guli ya tuɓe shi. Galadima Sara Katuniya ya ce bai yarda ba. Aka yi kwana 40 ana gwabzawa a cikin birni, har Galadima ya yi galaba ya kashe Guli. Ya nemi Yakufu ya koma karaga, Yakufu ya ƙi, ya zaɓi karatu ya bar gari. Aka naɗa ɗansa Dauda Abasama, shi ma bai cika wata biyu ba aka sauke shi. Abin da ya faru a 1452 ya sake faruwa a 1565: sarki uku a shekara guda, da Galadima a tsakiya. Duk tsarin da Rumfa ya yi bai hana ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsohon da ya fi son allo

Da rigima ta ci ta cinye, sai aka koma kan wani ɗan Rumfa da ya rage, Abubakar Kado, ɗan Auwa, wanda suke ciki ɗaya da Abdullahi. Ku yi lissafi: Rumfa ya rasu a 1499, Kado ya hau a 1565. Ko da a shekarar rasuwar ubansa aka haife shi, ya haura shekara 65. Da shi Auwa ta zama uwar sarki biyu.

Kado mutumin ibada ne. Ya sa 'ya'yan sarki su yi karatun Alƙur'ani, ya gina musu wurin karatu, shi da hakimansa suka duƙufa ga salla da sauraron littattafai. Amma maƙwabta sun ga tsagar bangon. Katsinawa suka kora Kanawa har Ƙofar Kansakali, suka yi sansani a Salanta, suka yi ɓarna a ƙauyuka suka koma. Bayan shekara bakwai da rabi aka tuɓe shi. Ya bar wa gidan sarauta al'adar karatu, amma bai iya tsare ƙauyuka ba, kuma talakan da aka ƙone wa rumbu ba zai tambayi izu nawa sarki ya sauke ba.

Ƙarshen hanya a Burumburum

Sarauta ta ci gaba a zuriyar Kisoki. Ɗansa Muhammadu Zaki ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, sai Muhammadu Nazaki, sai Kutumbi daga 1623 zuwa 1648, wanda ake kiran waɗanda suka biyo bayansa Kutumbawa. Na ƙarshensu shi ne Muhammadu Alwali, sarki na 43, wanda ya hau a 1781.

A zamaninsa ne jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804. Bayan yaƙe-yaƙe da dama aka ci rundunar Alwali, ya bar birni ya nufi Zazzau. Kundin ya ce ya gargaɗi Zagezagi cewa abin da ya fitar da shi zai iya fitar da su, kuma hakan aka yi ba da daɗewa ba. Bai sami wurin zama a can ba, sai ya dawo kudancin ƙasar Kano ya ja daga a Burumburum. A nan masu jihadi suka cim masa, aka kashe shi a 1807. Shekara 308 ke nan bayan rasuwar Rumfa.

Zuriyar ta rasa karaga, amma gidan bai rushe ba. Sarakunan Fulani sun shiga Gidan Rumfa, suka riƙe kakaki da figini da yawancin sarautun da suka tarar. Kasuwar Kurmi tana ci. Wata tsohuwar makarantar sakandare a birnin Kano, Kwalejin Rumfa, tana ɗauke da sunansa.

Aikin hutu

Abin da ya fi tsaya mana a rai da muka gama karatun nan shi ne sunayen iyaye mata. Fatsima, Auwa, Lamis. Mun san su yau ne saboda wani ya ga ya dace a riƙe su, wani kuma ya rubuta. Dubban da Galadima Dauda ya koro daga kudu kuwa ba wanda ya riƙe sunan ko ɗaya.

To mu fa? Da muka gwada a ɗakin kwananmu na jami'a, kaɗan ne daga cikinmu suka iya faɗin sunan kakar mahaifiyarsu. Ku gwada a ajinku ku gani.

Saboda haka ga aikin da muke roƙon ku yi a wannan hutu. Ku sami littafin rubutu guda, ku zauna da mafi tsufa a gidanku, Kaka ko Inna ko Baffa, bayan sallar isha'i lokacin da hira ta yi daɗi. Ku tambaye su sunan iyayensu da kakanninsu, ta wajen uwa da ta wajen uba. Daga wane gari suka zo? Me ya kawo su, noma ne, ko fatauci, ko karatu, ko aikin kuza, ko gudun yaƙi? Wace sana'a suka yi? Ku rubuta yadda aka faɗa muku, ku sa sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. In mutum biyu suka saɓa, ku rubuta duka, kada ku goge ɗaya.

'Yan Tudun Wada ku tambayi dattawa abin da suka ji game da yaƙin Burumburum. 'Yan Riruwai da Doguwa ku tambayi yadda ake narka kuza a da, da inda ake kai dalmar. 'Yan Kiru da Bebeji ku tambayi asalin sunayen unguwanninku da na ƙofofin garinku. In kuma makarantarku za ta shirya ziyarar ilimi, ku roƙi malaminku na tarihi a kai ku Gidan Makama da Kasuwar Kurmi, ku tafi da littafin naku a hannu.